Kwanon Malam a Tabarmar Sa'alaba

Mun sauka Jidda ne alhazai na dawowa daga Makka. Mu muna gangarowa daga jirgin ruwa da ƙullin kayanmu, su suna hawa da zamzam ɗinsu da kawunansu a aske. Sama da shekara biyu muka yi a hanya ni da maigidana tun daga Ɗambatta. Mun tsinci auduga a Sudan har hannuwanmu suka yi kanta, muka tara kuɗin jirgi, sai jirgin ya lalace a Bar Sudan. Aka yi ta ce mana gobe, gobe, har aka hau Arfa muna zaune a bakin teku muna korar ƙuda. Da aka gyara shi, Malam ya ce tunda mun zo bakin ruwa gara mu ƙetare, mu jira hajjin baɗi a can. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai a gida ba.

A Bar Sudan ɗin nan aka yi mini cutar da har yau in na tuna sai na yi tsaki. Wani Bahaushe ne, fes da shi, da dogon carbi. Ya ga jakar kayan miyata ya girgiza kai, ya ce ma'aikatan Jidda ƙone duk abin da ke da wari suke yi, amma yana da ƙane matuƙi, zai ba shi ya ƙetarar mini da ita. Daddawa ce a ciki, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da barkono, duk na haɗa su a hannun Hausawan Sudan da gumina. Na miƙa masa har ina godiya. Da muka iso Jidda ko kallon ƙullinmu ba wanda ya yi, shi kuwa da ƙanen nasa ban sake jin labarinsu ba.

Zamanmu a kan abu guda ya rataya, wato Malam ya sami aiki. Magini ne, kuma gini ake ta yi a garin ko'ina ka duba, amma baƙo ba ya shiga aiki sai an riƙe hannunsa. Akwai kuma jirgin da ke kwasar waɗanda guzurinsu ya ƙare ya mayar da su Sudan. Wanda ya hau shi, ya gama da hajji ke nan, don ba kowa ke da ƙarfin sake irin wannan tafiya ba.

Muka sami ɗaki a unguwar Sa'alaba, a gidan wata dattijuwa, Hajja Batula, Bahaushiya haifaffiyar Sudan, mai sayar da soyayyiyar gyaɗa. Ɗakin na katako ne da rufin kwano. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, mai ɗanko ne, gishiri ma jiƙewa yake yi a cikin gwangwani. Ruwa kuma saye ake yi a wurin masu ɗaukarsa a garwa. Ranar farko na wanke shinkafa na watsar da ruwan a tsakar gida, sai na ji salati a bayana.

"Ke 'yar nan! Ruwa kika zubar?" in ji Hajja Batula. "A garin nan ruwan wankin shinkafa shi ne na wanke kwano, na wanke kwano shi ne na yayyafa ƙasa. Yalla, ɗauko mayafinki, yau zan nuna miki kasuwa."

A gida ina cikin kulle, ban san ƙofar kasuwa ba, amma hanya ta riga ta cire mini wannan. Muka kama hanyar Bab Makka da la'asar sakaliya, don Hajja ta ce safiya ta masu kuɗi ce. Da yamma ne masu kayan lambu ke son su tashi. Kuɓewar da ta yi ƙarfi, wadda matan Larabawa ke ƙi, sai a tura maka ita tuli guda a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na ga wani ganye a ɗaure suna ce masa muluhiya, na murza na shinshina, na ce, "Hajja, ai wannan lalo ne!" Ranar na yi murna kamar na gamu da 'yar garinmu. Ta kai ni wurin masu shinkafa, inda ake tara karyayyar da ke zuba a gindin buhu. Ta nuna mini masu kifi, masu yanke kai su jefar gefe, da mahautan da ke sayar da kitsen jelar rago, wanda cokali guda nasa ya isa tukunya.

Ba na yabon kaina, amma kafin wata ya zagayo na fi Hajja iya wannan kasuwa. Larabcina bai wuce ƙirga da gaisuwa ba, sai dai ina da ido, ina kuma da fuskar da in na ɗaure ta mai kaya ke ragewa da kansa. Kuɓewa na yanka ta na shanya a kan rufin kwano, yini guda ta bushe ƙarau. Karyayyar shinkafa ta fi doguwa yin tuwo, don ba ta wahalar da muciya. Busasshen burodi na daka shi na yi kwaɗo da albasa da barkono. Yunwa dai ba ta kwana a ɗakinmu ba, ko da yake ƙoshi ma bai cika leƙowa ba. Abin da ke damuna kewar gida ce. In na ji kiran salla da asuba sai in kasa kunne ko zan ji sautin turmi, ban taɓa ji ba, sai kukan motoci.

Matsalar ta fito ne daga tabarma. Mazan unguwar, Hausawa na Sudan da haifaffun Jidda da sababbin zuwa irinmu, suna ciyayya kamar yadda ake yi a gida. Bayan magariba a shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci, kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a haɗu a ci. A kan tabarmar nan ake jin inda aiki yake. A nan ne Mu'allim Bakur ke zama, shugaban magina, haifaffen Jidda wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Hausa da ƙafa. Ba ya ɗaukar mutum a bakin gini. Sai ya zauna da kai, ya ci da kai, ya ga kamun ludayinka, sannan wata rana ya ce gobe ka zo.

Kwanon ciyayya kuwa kowace mace ta san hukuncinsa. In ya dawo wayam, an yaba. Nawa sai ya riƙa dawowa an ɗan taɓa gefe, irin taɓawar kada a ce ba a taɓa ba. Na san dalili. Miyar da ba daddawa lami ce, ko me ka zuba mata. Ga kwanonin matan Jidda cike da shinkafa da mai na ƙyalli, wa zai bar su ya bi nawa? Malam mutum ne mai kunya da zuciya. Ya fara cewa kansa na ciwo, daga baya ma ya daina neman dalili, in an idar da salla sai ya zagayo ta bayan masallaci ya shigo ɗaki.

Wata rana yana zaune yana kallon ƙasa ya ce, "Ladi, an ce jirgin masu komawa ya kusa. Ina ganin mu haƙura."

Na ajiye muciya na ce, "Malam, ni ban tsinci audugar Sudan don in ga Jidda in juya ba. Ka ba ni lokaci kaɗan."

"Lokacin me? Aikin a tukunyarki yake?"

Na ce masa e, a nan yake. Ya dube ni kamar wadda zafi ya taɓa wa kai.

Kalwa babu ita a Jidda, amma mu a wajenmu ana yin daddawar batso da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa. Hajja Batula ta san wani ɗan Sudan mai sayar da soɓo a Bab Makka, wanda gurguzun ke taruwa masa a gindin buhu bai san abin da zai yi da shi ba. Ya cika mini ɗankwali, yana mamakin abin da zan yi da tsakuwa. Sai dai gurguzu yana cin wuta kafin ya nuna, ni kuwa gawayina a ƙirge yake. A bakin layinmu akwai wani Bayamane mai gasa burodi, wanda masu sayar da wake ke kawo wa tulunansu ya binne a tokar tanderu su dahu a hankali. Na ɗauki tukunyata na je na tsaya. Ba ya jin Hausa, ba na jin Larabci. Ya dubi tukunyar, ya dube ni, ya share wuri a cikin toka da ƙafarsa. Da na miƙa masa ɗan abin da ke hannuna, sai ya ture hannun ya ci gaba da aikinsa. Allah ya jiƙan mutumin nan, ko sunansa ban sani ba.

Da gurguzun ya dahu na tsane shi, na yayyafa ruwan toka, na rufe shi da tsumma a lungun ɗaki. A gida yakan ɗauki kwanaki kafin ya tashi, amma zafin Jidda bai ba shi wannan sararin ba. Maƙwabciyarmu Balarabiya ta shigo da tsintsiya tana toshe hanci, wai kyanwarta ta ɓata, tana jin a nan ta mutu. Hajja Batula ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa da na buɗe tsumman nan warin ya buge ni, zama na yi na yi kuka, don ɗakin innata ne ya faɗo mini. Na share hawaye na kirɓa, na cura, na shanya a kan rufi.

Ranar da daddawar ta bushe, na dafa kawunan kifi har suka saki, na tace romon, na tsince naman kumatu tsaf. Na kaɗa busasshiyar kuɓewa a ciki, na sa daddawa da barkono da cokalin kitse. Na tuƙa tuwon shinkafa na malmala. Aka idar da magariba, Malam ya zagayo ta bayan masallaci kamar kullum.

Na ce, "Malam, ga kwanonka."

"Ajiye, a nan zan ci."

"Ba na nan ba ne, na tabarma ne. Ko ka ɗauka, ko in yafa mayafina in kai da kaina, in durƙusa a gaban mazan nan in ce maigidan ba shi da lafiya."

Ya san zan aikata. Ya ɗauki kwanon ya fita fuska a murtuke. Da ya dawo hannunsa wayam. Ya ce shi ajiyewa kawai ya yi ya shige masallaci ya zauna, da ya fito an watse, kwanon ma bai gan shi ba.

Washegari da hantsi, Malam ya fita neman aikin yini, Hajja ta tafi da gyaɗarta, sai ga mai kawo mana ruwa da kwanona a hannu, wai daga gidan Mu'allim Bakur. Na buɗe. Ɗanyen naman rago ne, tsoka da ƙashi, da ƙullin doguwar shinkafa a gefe. A garinmu ba a mayar da kwanon ciyayya da ɗanyen abu. Abin da na karanta a ciki shi ne, mun ga abin da kuke ci, ga abin da ake kira abinci. Ban tsaya shawara da kowa ba, na yafa mayafi na nufi gidan.

Matarsa, Hala Nafisa, na zaune a tsakar gida tana shan shayi. Na yi sallama, na dire kwanon a gabanta.

"A gaya wa Mu'allim mun gode," na ce. "Baƙi ne mu, amma ba bara muka zo ba."

Ta buɗe baki. "Esh? Ya uhti, 'yar'uwa, mene haka? Wannan hadiyya ce, kyauta!"

Na juya na fito, ina jin kaina a sama. Ina isa gida na tarar Hajja Batula ta dawo ɗaukar abu, na ba ta labari ina jiran ta ce na kyauta. Sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ke kin san abin da kika yi? A garin nan kwano ba ya komawa fanko, aibu ne. Wanda aka ji daɗin abincinsa shi ake cika wa kwano. Mayar da kyauta kuwa daidai yake da mari. Ga shi an ce Mu'allim ya karɓi sabon gini a hanyar Makka, a makon nan zai zaɓi mutane. Halas, shi ke nan, kin yanke wa mijinki hanya!"

Na ga kuskurena, ba zan ɓoye ba. Amma ni ba na zama da abu yana cina. Ko mayafin ban cire ba na koma. Hala Nafisa na nan inda na bar ta, kwanon ma ba a ɗauke ba. Na durƙusa na gaishe ta kamar yanzu muka fara haɗuwa, na ce, "Hala, na zo karɓar namana. Al'adarku ce ban sani ba, tamu na bi."

Ta dube ni ta saman kofin shayi. Sannan ta ce, "Wallahi ke majnuna ce, mahaukaciya. Jiya mutumin nan ya shigo da kwanonki a hammata, ya side shi tas, ya ishe ni da zancen miya. Shekara nawa ina dafa masa abinci, bai taɓa yi mini haka ba. Ɗauki namanki. Amma ki sani yana ɗaki lokacin da kika zo, ya ji komai da kunnensa. Ni ba ruwana."

Na ɗauki kwanona na fito. Ban ɓoye wa Malam ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Tashi kawai ya yi ya fara ɗaure kayanmu a ƙulli, ya jingine shi a bakin ƙofa. Na ce ya ɗaure abinsa, amma tukunya da muciya kada ya taɓa, kuma kwano zai fita kowace magariba har ranar da za a kira jirgi.

Na zauna da naman nan na yi masa karatun ta-natsu. Kitsen na yanke na soya, na adana man a gwangwani. Tsokar na fere ta siri-siri, na shafe da gishiri da barkono na shanya a rufi, na zauna gadi saboda kyanwar maƙwabciya, wadda ashe tana nan da ranta. Doguwar shinkafar na kai wa mai kanti ya musanya mini da karyayya, ta ninka. Ranar farko ƙashin kaɗai ya yi miyar lalo. Washegari na fasa shi na sake dafawa, ɓargon ya yi miyar kuɓewa. Daga nan na shiga kan busasshen naman, kullum in daka kaɗan ya bi miya ya ba ta ɗanɗano, in ɗora yanka biyu-uku a sama inda ido zai gani. Wata rana na yi fate da tsakin shinkafa da ganyen da aka tsince aka bari a kasuwa. Daddawata kuwa da bakin wuƙa nake gutsurarta.

Malam ya riƙa fita da kwano yana zama, tunda a ganinsa tafiya za mu yi, ba sauran abin jin kunya. Kwano ya riƙa dawowa wayam. Amma Mu'allim Bakur ko kallonsa ba ya yi. Ya ci tuwon, ya wanke hannu, ya ce wa wane gobe ka zo, ya ce wa wane gobe ka zo, ya tsallake Malam. Mutanen da muka ƙetaro tare suka fara zuwa sallama, wasu na kuka. Aka ce jirgi jibi.

A magaribar nan Malam ya daɗe bai shigo ba. Da ya shigo ya ajiye kwano, ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya ba ni labari. Wai ana cikin ci sai Mu'allim ya ɗago kai a gaban kowa ya ce, "Ya Malam, kai ba ka da shugul, ba ka da aikin yi, amma kullum da nama a kwanonka. Min fen? Daga ina?" Tambayar kuwa ba ta da daɗi. Malam ya ce, "Naman da ka aiko ne, Mu'allim." Mu'allim ya ce, "Wanne? Na makon jiya? Wanda aka mayar mini?" Malam ya ce shi. Wai sai mutumin ya ajiye lomar da ke hannunsa ya yi ta dariya har yana tari. Da ya nutsu ya ce, "A gidana wannan naman ko azahar ba ya kaiwa. Bukra, gobe ka zo. Ba bulo kaɗai za ka ɗora ba, siminti da ƙusa ma a hannunka za su zauna. Gidan da ake riƙon nama haka, ba za a yi mini ɓarnar siminti ba. Amma ka gaya wa uwargida, in na sake aiko da kwano, ta bar shi ya kwana."

Na ce alhamdulillahi, na kuma cewa. Na zauna a bakin murhu. Malam ya ce shi farin ciki ma bai bar shi ya ci komai a waje ba, in akwai saura a nawa in ɗan sam masa. Kafin in yi magana ya kai hannu ya buɗe kwanon da ke gefena. Ƙanzo ne a ciki, na kankare daga gindin tukunya na jiƙa da ruwa da ɗan gishiri.

"Ina tuwonki?"

Na ce, "Malam, tuwon mutum biyu ba ya cika kwanon tabarma sai an haɗa."

"Tun yaushe?"

Na ce masa ƙanzo abinci ne, da shi aka raine mu, kada ya mayar da abin wani babba. Ya tsaya yana kallon kwanon. Tun da aka ɗaura mana aure, har muka ratsa duk ƙasashen nan, Malam bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ni ba, haka muka tashi muka ga ana yi. Sai ga shi ya naɗe hannun riga, ya zauna a ƙasa a gabana, ya yi bisimilla ya ɗebi ƙanzon nan. Ya turo mini kwanon, na ɗiba, na tura masa. Haka muka yi ta yi har muka ga gindinsa.

Ya wanke hannu, ya nuna ƙullin da ke bakin ƙofa da haɓa.

"Kwance kayan nan, Ladi," ya ce. "Da mu za a hau Arfa."